Tsare mota da kayan sautinta daga ɓarayi: tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina aikin wayarin mota da haɗa kayan sauti, kuma mafi yawan masu zuwa mini da maganar tsaro sai an yi musu ɓarna suke zuwa. Ga ɓarɓashin gilashi a kan kujera, ga rami a dashbod inda rediyo yake a da, wayoyi suna reto kamar hanjin kaza. Tambayoyin da ke ƙasa su ne na fi ji daga bakin masu motoci, wasu kafin a yi musu sata, yawanci bayanta.

Akwai na'urar da zan sa a motata in kwanta da tabbacin ba wanda zai iya ɗaukarta?

Babu, kuma duk wanda ya ce maka akwai, kayansa yake son sayarwa. Motar da aka kulle da komai ma ana iya zuwa da janwe a ɗage ta, ko a turo ta kan babbar mota a yi gaba da ita. Abin da kake saye da kuɗinka shi ne lokaci. Ɓarawo yana son abu uku: ya gama da wuri, ya gama shiru, kada a gan shi. Duk abin da ya mayar masa da aikin minti ɗaya ya zama na minti goma, ko ya tilasta masa yin ƙara, ya rage masa sha'awar motarka, domin ga wata can gaba kaɗan da ba ta da wannan wahalar. Shi ya sa na fi yarda da kariya uku ko huɗu masu sauƙi, kowacce da irin kayan aikin da ake bukata kafin a karya ta, a kan na'ura ɗaya mai tsada wadda in an san sirrinta shi ke nan.

An ce makullin motata yana da guntun lantarki a ciki. Me yake yi, kuma ya isa?

Wannan shi ne imobilaiza. A cikin robar kan makullin akwai ɗan guntu da bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ba, ba ya ma bukatar batir. A kewayen ramin makullin kuma akwai zoben waya. In ka zura makulli, zoben yakan ba guntun ƙarfi, guntun ya amsa da lambarsa, ƙwaƙwalwar motar ta duba. In lambar ba ta dace ba, kik zai iya juyawa amma ba za a ba injin mai ko wuta ba. Tsohuwar dabarar nan ta fasa ramin makulli a haɗa wayoyi biyu, a nan ta mutu.

Jamus ta wajabta shi a sababbin motoci daga farkon 1998, Birtaniya daga Oktoban shekarar, Ostireliya a 2001, Kanada a 2007. Wasu masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun auna tasirinsa a binciken da aka buga a 2016, suka gano ya rage satar mota da kimanin kashi 40 cikin 100. Ban san wata na'ura guda da ta yi irin wannan aiki ba.

In kana son ganin abin da rashinsa ke jawowa, dubi Amurka, inda doka ba ta tilasta shi ba. Kamfanonin Kia da Hyundai sun sayar da miliyoyin motoci masu makullin ƙarfe zalla tsakanin 2011 da 2021. A 2021 matasa a birnin Milwaukee suka gano cewa ana iya tayar da su da kayan da ke cikin aljihun kowa, suka riƙa ɗora bidiyon a TikTok, abin ya bazu kamar wutar daji. Sai a Fabrairun 2023 kamfanonin suka fara sabunta manhajar motocin kyauta, suna kuma raba sandar kulle sitiyari ta hannun 'yan sanda. Ka ga motar zamani ta koma neman tsari a wurin sandar ƙarfe.

Ya isa? Ya isa ya kori ɓarawon da ya zo da sukurudireba. Bai isa ya kori wanda ya zo da kwamfuta ba.

Tawa ba a zura mata makulli, maɓalli ake dannawa. Na ji an ce irinta ta fi sauƙin sata. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, in ba a ɗauki mataki ba. Motar tana fitar da sigina mai rauni da ba ya wuce mita ɗaya ko biyu. In makullin ya ji, sai ya amsa, motar ta ɗauka mai ita ne tsaye a gefenta. Ɓarayi biyu sukan zo da dare: ɗaya ya tsaya jikin motar da na'ura, ɗaya ya raɓi bangon gida ko ƙofa da wata, su miƙa siginar daga nan zuwa can. Makullin yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ya ji kiran motarsa, ya amsa da zuciya ɗaya. Ƙofa ta buɗe, inji ya tashi. Kuma yawancin motoci ba sa mutuwa don makulli ya yi nisa, saboda kada inji ya ɗauke wa mutum a tsakiyar titi; sai dai su yi ta ƙorafi a allo. Masu bincike a jami'ar ETH ta Zurich sun nuna wannan tun 2011, a kan samfurin motoci 10 na kamfanoni 8, kuma duk sun buɗe.

Maganin ba shi da wuya. Ka nisanta makullin daga ƙofa da taga, ka sa shi cikin jakar nan mai rufin zaren ƙarfe da ke toshe sigina. Kada ka yarda da jakar don an rubuta a jikinta cewa tana aiki: saka makullin, rufe, je jikin motar ka ja hannun ƙofa. In ta buɗe, jakar banza ce. Ka riƙa maimaita gwajin bayan 'yan watanni, domin zaren yana cinyewa wajen lanƙwasa. Gwangwani mai murfi ma wani lokaci yana yi, wani lokaci ba ya yi, gwajin dai ɗaya ne. Sannan makulli na biyu, wanda ke cikin aljihun tebur an manta da shi, shi ma amsawa yake.

Wasu kamfanonin sun gyara. Ford ta fito da makullan da ke yin barci in sun yi daƙiƙa 40 ba a motsa su ba. A motocin Mercedes da yawa, danna maɓallin kullewa sau biyu a jere yana kashe siginar makullin. Duba littafin motarka, wataƙila maganin yana hannunka ba ka sani ba.

Na tarar an ɓamɓaro gefen bambar motata kusa da fitila, amma ba a ɗauki komai ba. Ɓarna ce kawai?

Kada ka ɗauke ta haka. Motar zamani tana da ƙananan kwamfutoci da dama, duk suna hira da juna ta kan wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986 ana kiransa CAN. A wasu motocin har fitilar gaba tana kan wannan layin. Wanda ya isa ga wayoyin ta bayan fitila zai iya cusa saƙon ƙarya cewa an ga makulli na gaskiya. A 2022 wani masanin tsaron kwamfuta a Landan ya tarar an ɓalle masa bamba sau biyu, ya ɗauka aikin 'yan iska ne, ba a jima ba Toyota RAV4 ɗinsa ta ɓace. Binciken da aka fitar a Afrilun 2023 ya nuna ana sayar da na'urar wannan aika-aika a ɓoye cikin ƙoƙon sifikar JBL, yadda ko an kama mutum da ita za a ce kiɗa yake ji.

Ɗan'uwan wannan shi ne soket ɗin OBD, mai ramuka 16, wanda ke ƙarƙashin sitiyari, inda bakanike ke jona na'urar gano cuta. An wajabta shi a Amurka tun 1996, yanzu kusan kowace mota tana da shi. Ta nan ake koya wa mota sabon makulli, kuma ɓarawon da ya shiga ciki ta nan yake koya mata nasa. Ana sayar da murfin ƙarfe mai kwaɗo da ake kulle soket ɗin, ana kuma iya matsar da shi zuwa wani lungu. In ka matsar, ka gaya wa bakanikenka, kada ya kwance maka rabin dashbod yana nema.

Na tabbata na danna rimot, amma na dawo na tarar da motar a buɗe, an kwashe kaya.

Mai yiwuwa an toshe siginar. Na'ura ƙarama a aljihun wani da ke zaune kusa ta isa ta cika iska da hayaniya a daidai zangon da rimot ke magana, motar ba ta ji umarnin ba. Kai kuma ka danna kana tafiya, bayanka a juye. Ka saba da tsayawa har ka ga fitilu sun ƙifta, ka ji makullan ƙofa sun faɗa, sannan ka ja hannun ƙofa. In ka danna sau biyu ba ta amsa ba alhali batirin rimot ɗin lafiya lau, kulle da makullin ƙarfe, ko ma ka canza wurin ajiyewa.

Sandar kulle sitiyari ba tsohon yayi ba ce?

Tsohon yayi ce, kuma amfaninta ke nan. Wanda ya zo da na'urar sigina a jaka bai zo da zarto ba, bai kuma shirya yin ƙara ba. Sai dai sanda suna suka tara. Irin wadda ta yi suna a Amurka tun 1986, The Club, ƙarfenta yana da ƙarfi amma ɓarayi ba su damu da shi ba: sitiyarin suke yankawa, domin zobensa siririn ƙarfe ne a cikin roba, su zare sandar ta wurin yankan. Wadda ta fi ita ce mai rufe sitiyarin gaba ɗaya kamar faifai, irin Disklok, wadda in an murɗa sai ta yi ta juyawa ita kaɗai. Tana da nauyi, tana da cin wuri, kuma na san mutane da yawa da suka saya suka yi mako biyu suna sakawa, daga nan ta koma but ta zama kayan tarihi. Ka sayi wadda ka san ba za ka gaji da sakawa ba, mai launi mai ɗaukar ido, don a hango ta tun kafin a taɓa gilashi.

Jiniyar mota tana da amfani kuwa? Kowa ya ji tana kuka ba ya ko waiwaya.

Laifin masu sakawa ne, har da ni a farkon koyon aiki. Mukan murɗa na'urar jin girgiza har ƙarshe don mai mota ya buga taya ya ji ta yi ihu ya ji daɗi. Daga nan babbar mota ta wuce, ihu, tsawa, ihu, kyanwa ta hau bonet, ihu. Cikin wata guda maƙwabta sun daina ji, mai motar ma ya daina leƙowa. Jiniyar da ke ƙarya kullum ta fi rashinta muni.

Mai kyau tana da abubuwa kaɗan da ya kamata ka tambaya. Jiniyar tana da batirinta na kanta? In babu, cire kan batirin mota ya kashe ta. Akwai maɓalli a bonet da but, ko ƙofofi kawai aka jona? Akwai abin da ke jin motsi a cikin motar ko ƙarar fashewar gilashi? Wannan yana da muhimmanci ga mai kayan sauti, domin wanda ya fasa taga ya zura jiki ba tare da buɗe ƙofa ba, maɓallin ƙofa bai san da shi ba, kuma gilashin gefe yana iya tarwatsewa ba tare da girgizar da za ta tayar da na'urar ba. Akwai mai jin an karkata motar, saboda masu jak da masu janwe? Sannan tana sanar da kai a waya ko a rimot? Kai kaɗai ne za ka tashi da gudu saboda motarka.

Sai yadda aka saka ta. In akwatin na'urar yana ɗaure da igiyar roba a ƙarƙashin sitiyari, wayoyinsa ja da shuɗi suna bayyane, an murɗe su da hannu an naɗe da salatif, to ɓarawo zai gano shi kafin kai. Aiki mai kyau shi ne a yi wa wayoyin dalma, a naɗe su da irin tef ɗin kamfani, a cusa su cikin damin wayoyin motar yadda ba a bambancewa. Wannan yana cin yini. Wanda ya ce zai gama maka cikin rabin awa, araha ba ta ado. A Birtaniya cibiyar Thatcham tana gwada irin waɗannan na'urori tana ba su daraja, kuma kamfanonin inshora can suna dubawa. In ka ga shaidarta a jikin kaya, alama ce mai kyau.

Har yanzu ana satar rediyon mota?

Ba kamar da ba. A shekarun 1980 abin ya kai masu motoci a Niyok suna manna takarda a taga cewa babu rediyo a ciki, roƙo ne ga ɓarawo kada ya fasa gilashi a banza. Dalilin yawan satar shi ne girman rediyon iri ɗaya ne a ko'ina: faɗin milimita 180, tsayin 50, ma'aunin da ake kira DIN, wanda ya zama na duniya a 1984. Rediyon wannan motar zai shiga waccan daidai wa daida, kuma ƙarafa biyu sirara sun isa zaro shi. Kaya ne mai sauƙin ɗauka, mai sauƙin sayarwa.

Rediyon kamfani na yanzu kuwa an ƙera shi da siffar dashbod ɗin mota ɗaya, an haɗa shi da na'urar sanyaya ɗaki da kyamarar baya, a wasu motocin ma an ɗaure shi da lambar motar, yadda in an kai shi wata ba zai yi aiki ba sai dila ya sake shi. Kasuwarsa ta ragu. Abin da ake ɗauka yanzu shi ne wanda mai mota ya saya ya ƙara: allon taɓawa mai tsayin milimita 100, amfilifaya, akwatin wufa, kyamarar da ke manne a gilashi. Waɗannan har gobe suna shiga kowace mota.

Rediyona ana cire masa fuska. In na cire na sa a aljihun dashbod ya wadatar?

A'a. Nan ne wurin farko da ake dubawa, na biyu ƙarƙashin kujera, na uku aljihun ƙofa. Ɓarawo ya san cikin mutum goma masu irin wannan rediyon, kaɗan ne ke tafiya da fuskar. Tafi da ita a 'yar jakarta, ko ka daina wahalar da kanka da cirewa.

Mece ce lambar sirrin rediyo, kuma ina zan ajiye ta?

Rediyoyin kamfani da yawa, irin na Honda, Ford da Volkswagen na wasu shekaru, in wuta ta yanke musu sai su kulle su nemi lamba huɗu ko biyar. Manufar ita ce wanda aka sace ya zama gawa a hannun mai saye. Amma masu motoci sun fi ɓarayi shan wahalarta: a canza batir, rediyo ya yi shiru, a rasa katin. A Volkswagen in ka yi kuskure kaɗan sai allon ya tsaya a kan kalmar SAFE, ka bar shi a kunne awa guda kafin ya sake ba ka dama. Kada ka yi ta cankar lamba. Dila zai iya samo maka ita da lambar jikin rediyon da takardun mallaka.

Kada ka rubuta ta a jikin rediyon ko a littafin da ke kwana cikin motar. Na sha zaro rediyo in ga lambar da maka baƙa a samansa, wani bakanike ya rubuta don sauƙaƙa wa kansa. Ajiye ta a waya da kuma gida.

Na kashe kuɗi sosai a amfilifaya da wufa a but. Yaya zan tsare su?

Bari in ba ka labarin kaina. Motata ta farko da na haɗa wa sauti, na manna tambarin kamfanin sifikun a gilashin baya, babba, don a san ba wasa. Kullum in na dawo gida sai na shigo layi da kiɗa har gilasai suna rawa, in kashe a ƙofar gida. Ban yi wata uku ba, wata safiya na tarar da but a buɗe, wayoyin an datse su tsaf da almakashi, akwatin wufa ya tafi, amfilifaya ta tafi, tambarin yana nan daram. Ni na yi musu talla, na kuma nuna musu inda kayan ke kwana.

To farko, cire tambari, ka kuma rage sauti tun kana nesa da inda za ka ajiye motar. Na biyu, akwatin wufa kada ya zauna haka kawai a kan kafet. A ɗaure shi da jikin motar da kusoshi daga cikin akwatin, yadda sai an kwance sifikar kafin a kai gare su, a kuma kama sifikar da sukurori masu kan da sukurudireba na gama-gari ba ya kamawa. Mai huda ƙasan but ya leƙa ƙarƙashi tukuna, tankin mai da bututun birki suna nan. Garin neman gira kada a rasa ido. Amfilifaya kada a ɗora ta a bayan akwatin, don ɗauka ɗaya ta kwashe biyu. Ƙarƙashin kujera ko bayan bangon but ya fi, muddin iska tana ratsawa, domin tana zafi.

Sannan hanyar shiga but. A motoci da yawa akwai ɗan hannu ko maɓalli kusa da kujerar direba da ke buɗe shi, kujerun baya kuma suna kwantawa. Wasu motocin suna da ramin makulli ko maɓalli a aljihun dashbod da ke kashe wannan. Duba taka. Sifikun ƙofa kuwa, bar su a bayan murfin kamfani. Sautin ɗaya ne, ido kuma bai gani ba.

Gilashi mai duhu yana taimakawa?

Yana ɓoye abin da ke ciki, yana kuma ɓoye wanda ya shiga ciki. Ga dokar ƙasa, wadda ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Abin da ya fi shi ita ce ledar kariya mai kauri, marar launi. Gilashin gaba gilasai biyu ne da roba a tsakani, ba ya zubewa, amma na gefe a yawancin motoci an gasa shi ne yadda bugu ɗaya zai mayar da shi tsakuwa. Ledar tana riƙe tsakuwar, sai an yi ta duka. Ka dai sani cewa ranar hatsari, kai ma ko mai ceto zai sha wannan wahalar kafin a fito da kai.

Mafi arha duka shi ne mota wayam. Jaka ko da babu komai a ciki, igiyar caji, tsabar kuɗi, har zagayen da robar maƙale waya ke bari a gilashi, duk gayyata ce. In za ka sa kaya a but, yi haka kafin ka iso, ba a gaban masu kallo ba.

Ɓoyayyen maɓallin da ke hana mota tashi fa?

Ina son sa, domin babu biyu iri ɗaya. Ana yanke layin da ke kunna famfon mai ko kik, a bi da shi ta wani maɓalli da kai kaɗai ka san wurinsa. A sa shi a siririyar wayar da ke umartar rile, wato ƙaramar na'urar da ke jonawa da yanke babbar wuta, kada a sa a babbar wayar da ke ɗaukar wuta mai yawa, in ba haka ba maɓallin zai yi zafi ya narke. Kada kuma a sa shi inda gwiwa za ta taɓa ana cikin gudu. Na zamani ba su da maɓalli ma: sai ka danna maɓallan sitiyari ko na taga a wani jeri da ka zaɓa kafin motar ta yarda ta motsa. Tesla ta sa irin wannan a motocinta tun 2018, lamba huɗu a allo. Wannan yana maganin masu miƙa sigina da masu sabon makulli gaba ɗaya.

Tiraka, wato na'urar bibiyar inda mota take, tana hana sata?

Ba ta hanawa, nemowa take taimakawa. Mafi yawansu suna karɓar wuri daga tauraron GPS su aiko ta layin waya, saboda haka ƙarƙashin ƙasa, cikin kwantena, ko kusa da na'urar toshe sigina, sai su makance. Tsarin LoJack na asali, da aka fara a Amurka a 1986, da siginar rediyo ya yi aiki, wadda ta fi ratsa bango, amma sai inda 'yan sanda ke da na'urar bibiyarsa. Ƙwararrun ɓarayi sukan ajiye motar a wani layi kwana ɗaya ko biyu su ga ko za a biyo ta, kuma wannan ne lokacinka. Ka nemi mai batirin kanta, mai sanar da kai in an cire batirin mota ko an motsa ta ba a kunna ba. In da hali sa biyu, ɗaya inda za a iya ganowa, ɗaya can ciki. Ka riƙa duba cewa layin bai mutu ba. Na ga wanda ya buɗe manhajar ranar sata ya tarar motar ta daina magana tun wata biyar.

AirTag na Apple, wanda ya fito a 2021, an yi shi ne yadda zai tona kansa: yana sanar da mai iPhone cewa wani abu yana binsa, wayoyin Android ma yanzu suna yi, yana kuma yin ƙara. Ƙari ne, ba madogara ba. In tirakarka tana kashe inji daga nesa, a haɗa ta yadda za ta hana sake tayarwa ne, kada ta kashe mota tana gudu a cikin jama'a. Kuma in ka ga inda take, kai wa 'yan sanda, kada ka je kai kaɗai.

Na sayi mota ta hannu da makulli ɗaya. Akwai damuwa?

Akwai. Ina ɗayan? Je a duba makulli nawa ƙwaƙwalwar motar ta sani, a goge duk wanda ba ya hannunka, a yi maka sabo. Haka in ka ɓatar da ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari: makullin da ka bari a wurin wanki ko gareji tare da na gida da takarda mai adireshinka, ka ba da fiye da yadda kake zato.

In an tare ni da makami fa?

Ba da makullin, fito da yara in suna ciki, ka matsa. Duk abin da muka lissafa a sama na motar da ke ajiye ne.

Me ya kamata in tanada tun yanzu, saboda ranar da ba a fata?

Lambar shasi, wato VIN, haruffa da lambobi 17 ne tun 1981, kuma babu I, O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ɗauki hotonta, da lambar inji, da motar ta kowane gefe, har da tabon da kai kaɗai ka sani, irin ƙonewar da ke gefen kujera ko lotsawar da ke ƙasan ƙofa, domin lamba ana canzawa, fenti ana sakewa. Ana iya zana lambar shasin a kan gilasai da asid, abin da ke sa mai son sayar da motar ya canza su duka.

Kayan sauti kuwa, kowanne yana da lambarsa a takardar da ke manne a ƙasa ko baya, wurin da ba a gani bayan an ɗaure. A ɗauki hoton kafin a saka, a ajiye rasit. Ka kuma tambayi kamfanin inshorarka ko kayan da ka ƙara suna cikin yarjejeniya. Da yawa ba sa biyan abin da ba na kamfanin mota ba sai an rubuta shi tun farko. Takardun mallaka na asali kada su kwana a motar.

In abin ya faru, fara tabbatar da cewa ba hukuma ce ta ja ta ba, sannan 'yan sanda, sannan kamfanin tiraka da lambar rahoton, sannan inshora. Ka zagaya maƙwabta masu kyamara a ranar, domin na'urori da yawa suna goge tsohon hoto bayan 'yan kwanaki. In rediyo kawai aka zare, kada ka kunna motar sai ka cire fiyus ɗinsa ko ka naɗe bakin kowace waya daban: mai launin rawaya tana ɗauke da wuta ko da makulli yana aljihunka, kuma ta amfilifaya, mai kaurin yatsa, kai tsaye daga batir take.